Me Ya Sa "Entrée" Ta Amurka Ta Fi Ta Faransa Cika Ciki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan Maradi ne, da Faransanci na yi karatu. Na je taro Amurka, a gidan abinci na ga an rubuta entrée, na ce a kawo mini, da nufin ɗan abin taɓa ka lashe kafin babban abinci. Sai ga faranti shaƙe da naman sa da dankali! Su ne suka ɓata kalmar, ko ni ne ban gane ba?
Mai karatu daga Maradi

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Faransancinka lafiya lau yake. Kalmar, wadda ake furtawa "antire", daga entrer ta fito, wato shiga, kuma a Faransa yau abin buɗe ciki take nufi, kamar salak ko 'yar miya. Amma ba zan ce Amurkawa sun ɓata ta ba.

A teburin attajiran Faransa na ƙarni na 17 da na 18, ba abinci ɗaya ake ci a tashi ba. Miyar sha ce ke kan gaba, entrée na tafe da ita ko a bayanta, sannan gasasshen nama, sai ƙananan abinci, a rufe da kayan zaƙi. Entrée ta lokacin kuwa ba ta wasa ba ce: nama ne ko kaza, an dafa da romo, da zafinsa. Da farko ma a kowane zagaye na cin abincin jere kwanuka ake yi a kan tebur gaba ɗaya, kowa ya miƙa hannu. A ƙarni na 19 ne salon Rasha ya karɓu, na kawo abinci bi da bi, wanda ake dangantawa da Yarima Kurakin, jakadan Rasha a Paris daga 1808 zuwa 1812.

Da aka shiga ƙarni na 20, wa ke da lokacin wannan doguwar hidima? Sai zaman ya tsuke zuwa abinci uku ko biyu. Faransawa suka riƙe ma'anar sunan, abin da ke fara shigowa, suka kira babban abinci plat principal. Amurkawa kuwa abin da ke cikin kwanon suka riƙe, naman nan mai nauyi, shi ya zama babban abincinsu da tsohon sunansa. Ni a ganina, farantin da aka dire maka ya fi salak ɗin Paris kama da entrée ta asali.

In ka koma Amurka, nemi inda aka rubuta appetizer. A Ostireliya kuwa yi odar entrée ɗinka hankali kwance, 'yar ƙarama za a kawo.