Tambaya da Amsa: Wane Irin Tayil Ya Dace da Ƙaramin Banɗaki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna gyaran gida, kuma banɗakin ɗakina faɗinsa mita ɗaya da rabi ne, tsawonsa mita 2. Mai sa tayil ya ce a sayo manya masu santimita 60 a kowane gefe, wai za su sa wurin ya zama kamar ya fi haka girma, ni kuwa raina ya kwanta da masu kusurwa shida irin na saƙar zuma. Wanne ya kamata in ɗauka? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganar mai aikinki tana da ƙamshin gaskiya, domin idan layukan da ke tsakanin tayil suka yi kaɗan, ido yana ganin wuri a shimfiɗe, ba a yayyanke ba. Sai dai a banɗakunanmu, inda ake wanka da bokiti, a yi alwala da buta, wani lokaci har a ɗauraye ɗan wanki, ƙasan gaba ɗayansa yake jiƙewa, saboda haka magudanar ruwa ce ya kamata ta zaɓa miki tayil ɗin ƙasa tun kafin ido ya sa baki.

Ana so ƙasan ya gangara zuwa magudana da kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Babban tayil ba ya lanƙwasuwa, don haka ko dai a tsaga shi ta kusurwa a bakin magudanar, ko kuma ruwa ya riƙa kwanciya a bayan ƙofa, kullum sai an kore shi da tsintsiya. Ki duba lissafin ma: faɗin santimita 150 zai ci manyan guda biyu da rabi, amma zai ci masu santimita 30 guda biyar, da ɗan gyaran baki kaɗan. Ni dai masu 30 ɗin zan ɗauka, kuma masu ɗan kaushi, domin mai sheƙi idan ya haɗu da kumfar sabulu santsinsa ba ya barin yaro, balle tsohuwa. Ki jiƙa yatsa ki shafa shi tun a shago.

Masu kusurwa shidan, idan ƙanana ne, suna bin gangare yadda ake so, yawan layukansu kuma yana riƙe tafin ƙafa. Aibinsu shi ne kowane layi matattarar datti ce, farin simintin da ake cike tsakani da shi ba ya daɗewa yake dafewa, sannan suna buƙatar mai aiki mai haƙuri, wanda ba kullum ake dacewa da shi ba. Idan ranki ya nace, ki sa su a ƙasa kawai, a cike tsakaninsu da abu mai ruwan toka.

A bango ne manyan suke da amfani. Ki nemi dogaye masu faɗin santimita 30 da tsawon santimita 60, masu haske, a kwantar da su a kwance domin ƙuntataccen ɗakin ya buɗe, a kuma kai su har sama, kada a tsaya a rabin bango. Ki guji baƙin tayil idan ruwan burtsatsenku yana barin farin tabo.

Wajen saye, ki ƙara kashi 10 cikin 100 a kan abin da aka auna saboda yanka da fashewa, ko kashi 15 idan masu kusurwa shida ne. Ki kuma tabbatar lambar rukunin da ke jikin kwalayen iri ɗaya ce, domin launi yakan ɗan bambanta daga wannan rukuni zuwa wancan, sannan ki ajiye ragowar a ɗaki saboda ranar da mai gyaran famfo zai fasa bango.