Ciwon kai da gumi ga mai raunin laka

Tambaya: Likita, maigidana ya yi hatsarin babur wata 8 da suka wuce, lakarsa ta taɓu, daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya ji. Da robar fitsari yake. Sau biyu ke nan ciwon kai mai tsanani yana sarar shi, fuska ta yi sharkaf da gumi, hanci ya toshe. Surukata ta ce iska ce. Mene ne wannan?

Amsa: Malama, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba shi lafiya. Ba iska ba ce. Abin da kika kwatanta ya yi kama da hawan jini na farat ɗaya, wanda ke samun masu rauni daga ƙashin baya na 6 na ƙirji zuwa sama, inda likitoci ke rubuta T6. Wani abu ne ke damun jikinsa a ƙasa, shi bai ji ba, amma jijiyoyin jini sun ji, suka tsuke. Ƙwaƙwalwa ta aika a sassauta, saƙon ya maƙale a wurin raunin. Jinin na iya hawa har ya fasa jijiya a ƙwaƙwalwa.

Galibi mafitsara ce ta cika, don robar ta lanƙwashe ko ta toshe. Sai taurin bayan gida, matsattsen wando, ko farcen da ya nutse cikin nama. Da ciwon kan ya fara, kada ki kwantar da shi. Ki zaunar da shi tsaye, ƙafafu a ƙasa, ki kwance duk abin da ya ɗaure shi, ki bi robar da hannu tun daga jiki har jaka. In bai lafa ba cikin 'yan mintuna, sai asibiti. Ki kuma san awon jininsa na yau da kullum, domin lambar sama ta awon jinin irinsu takan zauna a 90 zuwa 110. Ma'aikacin da bai saba ba zai ga 140 ya ce ba komai, alhali ya hau sosai.

Ko da ba ki tambaya ba, ga wanda ya fi tayar min da hankali: gyambon kwanciya. Kan baƙar fata ba ya fara da ja, duhu yake yi ko tauri ko ɗumi a ƙugu, mazaunai da diddige. Ki duba kullum da haske, ki juya shi duk awa 2, har da dare. Gyambo ko ciwon fitsari in ya shiga jini, yana iya kisa.

Tarinsa ba shi da ƙarfi, don haka mura kan zama ciwon huhu. Zazzaɓi da haki ba na gobe ba ne, sai asibiti nan take. Ƙafa ɗaya kuma in ta kumbura, kada a murza ta da man zafi, wataƙila gudan jini ne, zai iya ɓallewa ya tafi huhu.