Amsa ga ɗan yayana a Argungu: ko kuɗin gwamnatin Ingila yana riƙe gida?

Ɗana, sau uku na saurari saƙon muryar da ka turo kafin na zauna ba ka amsa. Ka ce a majalisarku ta bayan la'asar wani ya rantse muku cewa a Ingila ko tsinke mutum bai ɗaga ba gwamnati za ta ba shi gida, ta yanka masa albashi, kowane yaro kuma da nasa kason. Har ka ce, "Gwaggo, in haka ne, mai 'ya'ya biyar irina me yake jira?" Na ji gajiya a muryarka, kuma na san dalilinta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 albashin malamin makaranta ya daina kai tsakiyar wata, fetur ɗin ban ruwa a fadama kuma yana cinye ribar shinkafa tun kafin a yanke ta. Mutane da yawa daga gida sun sha yi mini wannan tambaya, shi ya sa na ga gara in rubuta a fili kowa ya gani.

Kuɗin akwai shi, wannan ba ƙarya ba ce. Babbansa shi ne wanda suke kira Universal Credit, da aka fara a 2013 aka haɗe tallafi iri shida a cikinsa, ana biya wata-wata. Amma ka fara sanin wannan: kai da za ka zo yau, ko kwabo ba ka da shi a ciki. Duk wanda ya shigo da bizar karatu ko ta aiki, a rubuce yake a takardarsa cewa ba shi da hannu a asusun jama'a. Shi ne ma zai biya, domin kuɗin asibiti kaɗai fam 1,035 ne duk shekara a kan mafi yawan manya masu bizar aiki, ɗalibi kuma fam 776, kuma tun wurin neman biza ake karɓe shi gaba ɗaya. Sai mutum ya yi shekaru yana aiki yana biyan haraji, ya samu takardar zama ta dindindin, kafin wannan ƙofa ta buɗe masa. Haihuwa a nan ma ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa in iyayensa ba su da wannan takarda, tun 1983 haka dokar take. Mai neman mafaka kuwa fam 49 da 'yan kai ake ba shi a mako, kuma an hana shi aiki.

To bari mu ce mutum ya cancanta. Zan nuna maka lissafin wata baiwar Allah 'yar wajenmu, da yardarta, ban da sunanta. Aurenta ya mutu, an bar ta da yara uku a nan Manchesta. Wani dare cikin hunturun bara na je wurinta, muka baje takardu a kan teburin kicin, tana sanye da rigar sanyi biyu a cikin ɗakinta. A ƙa'idar 2025, ita kanta fam 400 ake ba ta a wata. Ɗan fari fam 339, na biyu kusan 293. Na ukun ba shi da komai a nan, saboda dokar da ta fara aiki a Afrilun 2017 ta tsayar da wannan kaso a kan 'ya'ya biyu. Da na faɗa wa mahaifinka wannan doka a waya, salati ya yi. A Nuwamban 2025 gwamnati ta sanar da cewa za ta soke ta, bayan shekara takwas tana gasa masu iyali da yawa, irinmu ke nan. Akwai kuma wani kuɗin yara na daban da ake lissafawa mako-mako, a wannan shekarar fam 26 na babba, 17 na kowane ƙane. In ka tara duka, ta tashi da wajen fam 1,290, sannan a ƙara mata na haya.

A nan ne aka yi wa abin rufi. Galibi, gidan da babu mai aiki a ciki, jimillar abin da za a ba shi ba za ta wuce fam 1,835 a wata ba in a wajen Landan yake, kuma har da kuɗin haya a ciki. Na san abin da kake yi yanzu, kana bugawa da naira dubu biyu, ka ga miliyan uku da rabi har da ɗoriya, zuciyarka ta ce wannan ai arziki ne. Ka dakata. Hayar gidanta fam 950 ce, gida ne mai raɓa a bango, ba wani abin a zo a gani ba. Saura 885. Wuta da gas cikin sanyi sun kwashe 170. Ruwa, waya, intanet ɗin da yara ke aikin makaranta da shi, ragowar harajin ƙaramar hukuma, kuɗin bas wanda hawa ɗaya fam biyu ne, wato naira dubu huɗu. Da muka ja layi a ƙasa, abin da ya rage na ci da sutura bai kai fam biyar a kan kowane mutum a rana ba. Ta ɗora biro a kan takardar ta ce, "Yaya, takalmin makarantar babban ya ɓule, daga ina zan cire?" Na duba layukan ɗaya bayan ɗaya, ban ga inda za a cire ba sai abinci.

Sanyin nan shi ne abin da ba zan iya sa ka ji a jikinka ba. Ka ɗauki sanyin da ake yi a bakin Matan Fada da asuba cikin watan Janairu, ka ce wata biyar zai yi bai ɗaga ba, ga ruwan sama, rana kuma ta faɗi tun ƙarfe huɗu. A gida mai ƙaramin ƙarfi zai tsinci kara ya hura wuta a tsakar gida. A nan ɗumi saye ake yi. Gidaje da yawa mitar kati gare su, in kuɗin ya ƙare komai ya mutu, har murhu. Ba gona, ba rumbu, ba kaza ko akuyar da za a kai kasuwa ranar da ta ɓaci, ba zogale a bayan ɗaki. Ko albasa ɗaya sai ka ciro kuɗi. Shi ya sa za ka ga layi a wuraren rabon abincin sadaka a ƙasar da kuke ganin ta fi kowa. Ƙungiyar Trussell kaɗai ta raba ƙunshin abincin gaggawa fiye da miliyan uku tsakanin Afrilun 2023 da Maris na 2024, kuma mafi yawan masu karɓa 'yan ƙasa ne haifaffu.

Ni ma na ɗanɗana. A 2020, da annobar korona ta rufe gari, tasin mijina ta yi wata da watanni a ajiye. Muka nemi tallafin. Mako biyar ake jira kafin kuɗin farko ya shigo, in ka ce ba za ka iya jira ba a ba ka rance a riƙa cirewa daga baya. Azumi ya same mu a cikin wannan hali. Ba mu kwana da yunwa ba, kuma har gobe ina gode wa Allah da tsarin da ya tare mu. Sai dai a watannin nan ne karo na farko da na kasa tura wa Inna kuɗin maganinta, kuma ban iya gaya mata dalili ba.

Wannan shi ne ainihin abin da nake so ka gane. Gidan da gwamnatin nan ta sani shi ne miji, mata ɗaya, da yaran da ke kwana a ƙarƙashin rufinsu. Gidan Bahaushe ya fi haka faɗi. Akwai tsohuwa a Argungu, akwai ƙane a jami'a a Aliero, akwai marayun ɗan'uwa, ga suna, ga biki, ga rasuwa, ga ragon layya, ga wanda ambaliya ta cinye wa gona kamar yadda ta yi muku a 2020. Babu layi ko ɗaya a takardar tallafi da aka ware wa waɗannan. An auna kuɗin ne daidai abin da zai hana mutum faɗuwa ƙasa, ba a auna shi da zumunci ba. Wanda ya zauna a kansa shi kaɗai zai rayu, amma wayarsa za ta riƙa ƙara daga gida yana kallo ya kasa ɗauka. Na ga dattijo mai furfura yana hawaye a kan wannan.

Kuma ba a barin ka ka miƙe ƙafa. Akwai ofishin neman aiki da za ka riƙa zuwa, a haɗa ka da jami'in da zai bi diddiginka. Za ka sa hannu cewa za ka nemi aiki, mai lafiya har awa 35 a mako, kana nuna shaidar inda ka nema. Ka saɓa alƙawarin ganawa ba da ƙwaƙƙwaran uzuri ba, a yanke kuɗin. In ajiyarka ta wuce fam 6,000 a fara ragewa, in ta wuce 16,000 a rufe gaba ɗaya, kuma fili ko gidan da ka mallaka a Najeriya yana cikin lissafi. Fadamar da kakanka ya bar muku ma sai ka bayyana ta. In ka tafi gida ka wuce wata ɗaya, in ba da wani babban dalili ba, biya ya tsaya.

Ka tambaye ni yadda mu muke yi. Aiki muke yi, ɗana, har da waɗanda ke karɓar tallafin. Mazanmu na tuƙa tasi da bas, suna gadi, suna aikin dare a manyan ɗakunan ajiyar kaya, akwai likitoci da malaman jami'a. Mu mata da yawa muna gidajen kula da tsofaffi, ni shekarata goma sha huɗu ina wannan aiki. An gina tsarin ne yadda mai aiki zai fi mai zama: in ka samu fam ɗaya, ba duka ake zare maka daga tallafi ba, kashi 55 cikin ɗari ake cirewa. Baiwar Allahn nan da na ba ka labari, abin da ya fitar da ita shi ne aikin share ofis na awa goma sha shida a mako. Da albashinta ya kai fam 846 a wata sai rufin nan ya tashi daga kanta, aka sakar mata kuɗin hayar da ake dannewa. Ƙarfe biyar na asuba take fita, wata maƙwabciya 'yar Gusau ce ke kai mata yara makaranta.

Sauran kuwa abin da muka taho da shi daga gida ne. Muna da adashi, mu goma sha biyu, zubin fam ɗari-ɗari, kuma in wata ta shiga matsi uwar adashi kan matso mata da kwasarta gaba ba tare da an yi shela ba. Muna haɗa kuɗi mu sayi buhun shinkafa da rabin rago a wurin mahauci mu raba, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Duk mai zuwa daga gida sai ya cika jaka da kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa da yaji, a rarraba gida-gida. In an haihu, tukwane ne za su riƙa shigowa har a yi suna. Akwai asusun jana'iza da kowane gida ke zuba wa, domin kabari da ɗawainiyar binnewa a nan dubban fam ne, kuma ba ma yarda gawar ɗan'uwa ta kwana a asibiti ana neman kuɗi. Zakkarmu ma yanzu kashi biyu muke yi mata. Da can duka gida muke turawa, sai muka lura akwai mabuƙata a sahun da muke sallah, waɗanda kunya ba za ta bar su su buɗe baki ba.

Kunyar nan ma sai da muka yi fama da ita. Manyanmu na farko suna ganin karɓar tallafi bara ne, wani zai gwammace ya yi rashin lafiya a ɓoye. Malamanmu suka yi ta bayani cewa wanda ya yi shekaru ana cire masa haraji, in ya faɗi aka tallafe shi, haƙƙinsa ya karɓa. Ni ma a nan na tsaya. Abin da ba na goyon baya, kuma ba na ɓoyewa, shi ne ƙarya: mata da miji su rubuta cewa sun rabu alhali suna tare, ko mutum ya riƙa aikin hannu-da-hannu yana cewa ba ya komai. Akwai masu yi a cikinmu kamar yadda ake samu a kowace al'umma, ba su da yawa. In asiri ya tonu sai an biya duk abin da aka ci, wani har kotu. Ko bai tonu ba, da wannan abincin za a ciyar da yara, su kuma suna ji suna gani.

Ban ce kada ka yi sha'awar fita ba. Makarantar yara kyauta ce a nan, asibiti ba ya tambayar ka kuɗi kafin ya taɓa ka, kuma mutum na kwana ba ya sauraren ƙarar babura da tsakar dare. Waɗannan manyan abubuwa ne, na san darajarsu duk lokacin da na ji labarin ƙauyukanmu. In kana da niyya, ka zo ta hanyar sana'a ko karatun da ake nema, da sanin cewa shekarun farko kai za ka ciyar da kanka da iyalinka har ka biya wa gwamnati. Kada ka sayar da fadama ka miƙa wa dillalin biza. Na san mutum biyu da suka yi haka, suka iso suka tarar aikin da aka yi musu alƙawari babu shi, tallafi kuma ba su da haƙƙinsa, mu ne muka riƙa karɓa-karɓar ciyar da su.

Kwasata ta adashi tana zuwa bayan ƙaramar sallah. Ka je kasuwa ka tambayo mini farashin injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, wanda zai ishi kadada ɗaya, ka turo mini hotonsa da na takardar farashin. Mu ga ko za mu raba ka da sayen fetur kafin noman rani mai zuwa. Ka gaida mahaifinka da mai ɗakinka, ka shafa mini kan yara, ka ce wa Inna zan kira ta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.