Tambaya da Amsa: Yaya Zan Gane Wanda Ya Dace In Horar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekarata guda da fara aikin koci, ina taimaka wa mutane su tsara burinsu na aiki da sana'a. Duk wanda ya zo ina karɓarsa. Amma cikin mutum takwas da na ɗauka, uku sun ɓace bayan zama na biyu, ɗaya kuma kuka take yi har lokacinmu ya ƙare. Yaya zan tantance mutum tun kafin mu ƙulla yarjejeniya? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Tun ran gini ran zane. Abin da kike nema ki gano a farko shi ne ko burin na mutumin ne da kansa, kuma ko ya shirya yin aiki tsakanin zama da zama.

Ki fara da gajeren fom, tambayoyi biyar sun isa: me kake so ya canza nan da wata uku? Me ka riga ka gwada? Me ya sa sai yanzu? Awa nawa za ka iya warewa a mako? Wa zai biya? Wanda ya kasa cike wannan, da wuya ya iya aikin da za ki ba shi nan gaba.

Daga nan sai hirar gwaji ta minti 20 zuwa 30. Nan ne sabbin kociyoyi suka fi tuntuɓe, domin sukan cinye lokacin wajen tallata kansu. Ki bar shi ya yi yawancin maganar, ke kuma ki kasa kunne ga yadda yake gina jimlarsa. Wanda ya ce "ina so in koyi raba aiki ga ma'aikatana" ya kawo abin da ke hannunsa. Wanda ya ce "ina so maigidana a ofis ya daina raina ni" yana neman a gyara wani ne. Kada ki yi saurin sallamarsa. Ki tambaye shi: "A cikin wannan lamari, wane ɓangare ne a hannunka?" In ya yi shiru ya yi tunani, akwai wurin farawa. In ya koma zargi sau biyu, sau uku, lokacinsa bai yi ba.

Ki kuma ce ya auna shirinsa daga 1 zuwa 10. In ya ce 6, ki tambaye shi me ya sa bai ce 4 ba. A amsar ne za ki ji dalilansa da bakinsa. Kafin ku rabu ki ba shi ƙaramin aiki, misali ya rubuto layi biyar kan yadda nasara za ta kasance, cikin kwana biyu. Wannan gwajin ya fi kowane alkawari nuna wanda zai ɗore.

Batun mai kukan nan ya fi damun mu. Kuka sau ɗaya ba komai ba ne, amma idan kowane zama haka yake ƙarewa, ki tambaye ta a hankali game da barcinta, cin abincinta, da ko tana iya gudanar da harkokin yau da kullum. Baƙin ciki da yanke ƙauna da suka kai mako biyu ko fiye aikin likita ne ko ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam. In ta ambaci cutar da kanta, a ranar za a nema mata taimakon gaggawa. Ƙungiyar kociyoyi ta duniya, ICF, wadda aka kafa a 1995, tana buƙatar koci ya san iyakar aikinsa, ya tura mutum wurin wanda ya dace idan buƙatarsa ta wuce horo.

Idan kamfani ko iyaye ne za su biya, ku zauna ku uku tun farko, a fayyace abin da za a sanar da mai biya da abin da zai zauna sirri. Ki kuma keɓe da wanda za a horar ki tambaye shi ko yana so. Wanda aka turo dole yakan zo da jiki ne kawai.

Wanda ya tsallake, ku rubuta yarjejeniya: yawan zama, tsawon kowanne, kuɗi da lokacin biya, da sanarwar awa 24 kafin ɗage zama. Wanda bai dace ba, ki sanar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ki bar shi yana jira. Kina iya cewa: "Na gode da ka amince ka gaya mini wannan. A fahimtata, abin da kake buƙata yanzu ba irin aikina ba ne, amma ga inda nake ganin za ka fi amfana." Saboda haka ki tanadi sunayen ƙwararru biyu ko uku, likita da mai ba da shawara kan kuɗi ko shari'a, tun kafin hirarki ta gaba.