Tambaya da Amsa: Ina zan ƙaro ilimin kula da tsofaffi?

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce a Garwa ta ƙasar Kamaru, shekarata 4 ina zagayen gidajen tsofaffi, amma wallahi abin da na koya a makaranta ya ƙare min, musamman in na haɗu da mai gigin tsufa. Ta ina zan fara? Ƙanwarki daga Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Ki fara da wayarki. Hukumar Lafiya ta Duniya na da wani littafi na 2019 kan kula da lafiyar tsofaffi mai suna ICOPE, kyauta ne a intanet kuma akwai shi da Faransanci, yana koya miki duba abu 6 a jikin tsoho, tunani, motsi, cin abinci, gani, ji da kuma damuwa. Misali ki sa Baba ya tashi daga kujera sau 5 bai dafa komai ba, in ya wuce sakan 14 to a kai shi asibiti a duba, haka in ya rame da fiye da kilo 3 cikin wata 3.

Gigin tsufa kam sai ki nemi iSupport, wato darussan horar da masu kula da mai gigin tsufa, shi ma na Hukumar Lafiya ta Duniya ne. Ni a ganina nan aikin yake, don dangi da yawa sai su ce sammu ne ko aljanu, alhali ciwon ƙwaƙwalwa ne, ke ce za ki zauna da su ki fahimtar da su a hankali.

Ki riƙa leƙa ofishin MINAS, wato ma'aikatar jin daɗin jama'a ta Kamaru, na jiharku kina tambayar horo, kuma duk takardar shaidar da aka ba ki ki adana ta.