Ga mai son zuwa Filifin neman shinkafar da ba ta tsoron gishiri

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma tambayar da ake ta turo mana ce: kana son zuwa Los Baños, garin da cibiyar binciken shinkafa ta duniya take, karatu, ka koma gida da irin shinkafar da gishiri ba ya yi wa komai. Babu wannan irin. Akwai mai juriya, juriyar kuma tana da iyaka.

Da zarar awon gishirin ƙasa, wato EC, ya haura 3 a ma'auninsa na dS/m, kowane ƙarin ɗaya yana cinye kusan kashi 12 cikin ɗari na amfanin gona. A 6, sulusi ya riga ya tafi. Lokacin tsirowa shinkafa tana daurewa, amma tana kai ganye biyu ko uku sai bakin ganyen ya yi fari, ya ƙone, ya nannaɗe. Ta ɗan murmure, sai gishirin ya sake kama ta wajen ɗaukar ciki da fure, zangarniya ta fito duk ƙaiƙayi.

A nan ɗalibai suke ruɗuwa. Shinkafar Pokkali ta Kerala a Indiya tana da juriya sosai, amma doguwa ce, tana kwanciya, ba ta da yawan amfani. An haɗa ta da IR29, wadda gishiri ke saurin kashewa, aka sami FL478 mai ɗauke da Saltol, wato ƙwayar gadon da ke ba da juriyar gishiri. A gwajin faranti, cikin ruwa mai gishirin 12 dS/m, za ka ga IR29 ta bushe cikin kamar mako biyu, FL478 kuwa shar. Sai dai Saltol ƙaramar shuka yake karewa. Lokacin fure wata magana ce daban, kuma buhu daga nan yake fitowa.

Abin da ya fi damuna, ba ka ma faɗi irin ƙasarku ba. Idan pH, wato awon tsami ko kanwar ƙasa, ya wuce 8.5, ruwa yana kwanciya ba ya nutsewa, to kanwa ce, ba gishirin teku ba. Wannan sai jifsam da takin zinki, da iri kamar CSR36 na cibiyar Karnal a Indiya. Wataƙila ma can ya fi dacewa da kai. Gishiri kuwa wanke shi ake yi: a cika fili da ruwa mai kyau, a kwaɓa, a sake shi ta magudana, a maimaita. In babu magudana, asarar kuɗin fetur kawai za a yi. A dasa shukar da ta ɗan girma, kada a bar fili ya bushe.

Ka auna EC da pH na ƙasa da na ruwan, rani da damina, ka sa sakamakon cikin takardar neman gurbi. Kuma don Allah a daina cewa mu sako iri a jaka. Sai da takardar izini yake ƙetare iyaka.