Shin wanda bai da addini zai iya sanin kirki?

Tambaya: Malam barka da aiki, ni ɗalibi ne daga Zuru. Mun yi musu da abokina a makaranta, shi ya ce in ba addini to gaskiya da amana ba su da wata ma'ana, ni kuma na ce akwai tsofaffi a ƙauyukanmu masu bin al'adar gargajiya da za ka bar musu buhun dawa shekara guda ka dawo ka tarar ko ƙwaya ba ta ragu ba. Waye ke da gaskiya?

Amsa: Ɗana, wannan musu ya girme ku duka biyu. Mazhabobin aƙida na Musulunci sun saɓa a kansa: malaman Mu'utazila sun ce hankali da kansa yana gane cewa zalunci mummuna ne, Ash'ariyya kuma suka ce shari'a ce ke tabbatar da lada da zunubi, Maturidiyya suka tsaya tsakani. Ni dai a ganina abokinka ya ɗan zaƙe, don tun kafin a aiko Annabi (SAW) Ƙuraishawa suka taru gidan Abdullahi bin Jud'an suka ƙulla Hilful Fudul don kare wanda aka zalunta, kuma bayan annabta ya yabi wannan yarjejeniya, ka ga kenan mutane sun san zalunci tun lokacin. Hadisi ma cewa ya yi an aiko shi ya cika kyawawan halaye, wato dama akwai su tun kafin zuwansa. Inda abokinka ke da hujja shi ne hisabi, wato wa zai tambayi wanda ya ci amana a ɓoye ba wanda ya gani. Sai ku zauna ku yi musun a kan wannan.